Alƙali ya yanke, gwamna ya ƙi sa hannu

Duk sanda aka yi wani mummunan kisa, ko masu garkuwa suka karɓi kuɗin fansa suka kuma kashe wanda suka kama, magana ɗaya ce ke tashi a majalisun Hausawan Legas a Agege da Idi-Araba da Mile 12: me ya hana mu yi irin na Saudiyya, a fille kan mutum kowa ya ɗau darasi? Masu rajin kare haƙƙin ɗan Adam su ma amsarsu a baki take: duniya ta bar wannan hanya, ƙasashe 113 sun soke hukuncin kisa ɗungurungum. Kowane ɓangare da lissafin ƙasashen waje yake kafa hujja, alhali lissafin nan sai an san yadda aka haɗa shi kafin a jingina da shi.

Alƙaluman da aka fi yawo da su na ƙungiyar Amnesty International ne, wadda ke fitar da rahoto duk shekara. A 2024 ta ƙirga mutum 1,518 da aka zartar wa hukuncin kisa a ƙasashe 15. Rabon da a ga adadi mai yawan haka tun 2015, lokacin da aka ƙirga 1,634. Iran ce kan gaba da aƙalla 972, Saudiyya na biye da aƙalla 345, sai Iraƙi da aƙalla 63. Waɗannan uku kaɗai sun kwashe sama da kashi 90 cikin 100 na jimillar. Amurka 25 ta kashe. A duk Afirka kudu da Sahara, Somaliya ce kaɗai aka san ta zartar a wannan shekara. A 2023 jimillar 1,153 ce a ƙasashe 16, wato daga 2023 zuwa 2024 yawan waɗanda aka kashe ya hau, yawan ƙasashen da ke kisan kuma ya sauka. Don haka mai cewa hukuncin kisa yana ƙaruwa a duniya bai yi ƙarya ba, mai cewa yana mutuwa shi ma bai yi ba.

Sai dai babu ƙasar Sin a cikin wannan jimilla. Gwamnatinta ta mai da adadin sirrin ƙasa, masu bincike kuma sun yi ittifaƙi cewa dubbai ne duk shekara, fiye da na sauran duniya a haɗe. Biyetnam da Koriya ta Arewa ma ba sa bayyanawa. Kalmar "aƙalla" da ke gaban adadin Iran da Saudiyya ba ado ba ce, nufinta abin da aka iya tabbatarwa ke nan. Duk jadawalin da ya sa Iran a lamba ta ɗaya, jadawali ne na waɗanda aka samu damar ƙirgawa.

Idan kuma aka raba da yawan jama'a, jerin sai ya sake kama. Iran mai mutum kusan miliyan 90 da Saudiyya mai kusan miliyan 35 sun zo kan-kan-kan, kowacce kimanin mutum goma cikin miliyan ɗaya. Singafo ta rataye mutum 9 a 2024, adadi ƙarami a ido, amma jama'arta miliyan 6 ne, saboda haka ta ninka Amurka kusan sau ashirin. Ita kanta Amurka ba dunƙule take ba. Jihohi 23 sun soke hukuncin, wasu suna da shi a takarda ba sa aiki da shi, Texas kaɗai kuma ta fi kowace jiha kisa nesa ba kusa ba tun da aka dawo da hukuncin a 1976. A 1999 Amurka ta kashe 98, ke nan zuwa 2024 ta sauko da kusan kashi uku cikin huɗu.

Mai kafa hujja da Saudiyya ko Iran a kan masu kisan kai ya kamata ya duba laifukan da ake kashe mutane a kansu a can. Sama da kashi 40 cikin 100 na kisan da aka ƙirga a duniya a 2024 na miyagun ƙwayoyi ne, a Iran ma ya haura rabi. A Singafo safarar abin da ya haura giram 500 na tabar wiwi ta isa a rataye mutum. Wannan ya taɓa mu kai tsaye. Singafo ta rataye wani matashi ɗan Najeriya a Janairun 2007, Indunusiya ta harbe 'yan Najeriya a 2015 da 2016, Saudiyya ta kashe wata 'yar Najeriya a Afrilun 2019. A cikin wannan watan ne aka sako wata ɗaliba daga Kano da aka tsare a Saudiyya, bayan bincike ya nuna cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Da binciken ya yi jinkiri, da labarin ya zama daban. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ba ta haramta hukuncin kisa ba, amma ta taƙaita shi ga mafi munin laifuka, masu fassara ta kuma sun tsaya a kan kisan ganganci.

To ina Najeriya a wannan lissafi? A jadawalin zartarwa sifiri ce tun Disambar 2016, lokacin da aka rataye mutum uku a gidan yarin Benin ta jihar Edo. A jadawalin yanke hukunci kuwa tana sahun gaba a duniya. Amnesty ta ƙirga hukuncin kisa 527 a kotunanmu a 2016, da 621 a 2017. Waɗanda ke zaune suna jiran hauni sun haura 3,000, babu ƙasar da ta kai mu a Afirka kudu da Sahara. Indiya mai mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan 400, masu jiran kisa a can ɗaruruwa ne, domin tun 1980 kotun ƙolinta ta ce ba a yanke shi sai a laifin da muninsa ya fita daban ko a cikin munanan laifuka, kuma mutum 8 kacal ta rataye daga shekarar 2000 zuwa yau. Mu kuwa muna yankewa babu ƙaƙƙautawa, ba ma zartarwa, ba ma sokewa. Wannan matsayi na tsaka-mai-wuya shi ne ainihin matsalarmu, kuma jadawalin da ake gardama a kansa ba ya nuna shi ko kaɗan.

Dalilin yawan hukuncin a rubuce yake cikin doka. Kisan kai da fashi da makami da cin amanar ƙasa, hukuncinsu kisa ne na tilas. Da zarar alƙali ya gamsu an aikata laifin, hannunsa a ɗaure yake, ba shi da ikon duba cewa wannan ne laifin farko, ko yaro ne ɗan shekara 19 da aka ja, ko ba a zub da jinin kowa ba. Dokar fashi da makami ta tarayya ta fi kowacce faɗi. Fashi ba makami, ɗaurin shekara 21 ne. Amma idan mutum yana riƙe da bindiga ko wani makami, ko yana tare da wanda ke riƙe da shi, ko an ji wa wani rauni, to kisa ne. Wuƙa makami ce, adda ma haka. Wanda ya tsaya gadi a bakin lungu yayin da abokinsa ya nuna wuƙa ya ƙwace waya, a idon doka ɗaya yake da wanda ya harbe direba a kan hanyar Ibadan. Shari'ar matashin nan na Osun da aka yanke wa kisa a 2014 a kan fashin da kaji ke cikin kayan da aka ɗauka, har gwamna ya yi masa afuwa a Disambar 2024, daga wannan tanadi ta fito. A 2017 Legas ta ƙara da dokar garkuwa da mutane: ɗaurin rai da rai, idan kuma wanda aka sace ya mutu a hannu, kisa.

Bayan Babbar Kotu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, akwai Kotun Ƙoli, kuma wanda aka yanke wa kisa haƙƙinsa ne ya je duka biyun ba tare da neman izini ba. Muddin ƙara tana gaban kotu ba a taɓa shi. An koyi wannan ne da jini: jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello alhali ƙararsa tana jiran saurare, Kotun Ƙoli kuma a 1986 ta ce gwamnati ta karya doka. A 1998, a shari'ar Onuoha Kalu, kotun ta tabbatar cewa hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, sashe na 33 na kundin 1999 ma ya faɗe shi ƙarara. In an gama da kotuna, fayil ya koma wurin gwamna, wanda sashe na 212 ya ba shi ikon afuwa ko sassauci bayan ya ji shawarar majalisar jinƙai. In bai yi afuwa ba, sai ya rattaba hannu a takardar zartarwa. A nan komai ke tsayawa.

Tun 1999 babu gwamnan Legas da ya sa wannan hannu. Rabaran King, wanda Babbar Kotun Ikeja ta yanke wa rataya a Janairun 2007 saboda cinna wa mabiyansa wuta har ɗaya ta mutu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncinsa a Fabrairun 2016, ba a kuma zartar ba. A Kano an yanke wa malamin da ya kashe ɗalibarsa Hanifa hukuncin rataya a Yulin 2022, gwamnan lokacin ya yi alkawarin sa hannu, amma ya sauka ƙara tana kotu. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne ko takwas, shari'ar kisa kuwa takan ci goma kafin ta fito daga Kotun Ƙoli, don haka wanda ya yi alkawari da zafin rai ba shi fayil ɗin ke tararwa ba. Wanda ya tarar kuma yana da dalilansa: tsoron ɗaukar alhakin rai, matsin ƙasashe masu ba da tallafi, lissafin ƙuri'a idan mai laifin ɗan wata ƙabila ne ko wani addini. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba. Kwamishinonin shari'a lauyoyi ne, sun san yadda ake haɗa waɗannan fayiloli.

Yawancin shari'un fashi da kisa a ƙasar nan a kan takardar amsa laifi suke tsaye. Ba a cika samun hoton yatsa ko gwajin jini ko binciken harsashi ba. Legas ta buɗe cibiyar binciken ƙwayoyin halitta a 2017, amma cibiya ɗaya ba ta isar garin da ke da mutum miliyoyi. Abin da ke zuwa gaban alƙali shi ne ɗan sandan da ya yi bincike, da takarda mai ɗauke da sa hannu ko dangwalen wanda ake tuhuma. In ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, sai a tsayar da shari'a a buɗe wata ƙarama a cikinta don gano ko da son ransa ya yi bayanin, inda kalmarsa ke karawa da ta jami'i, shekaru bayan tabon ya warke. Dokar shari'ar laifuka ta Legas ta tanadi cewa a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo, in babu hali a yi shi a gaban lauyan wanda ake tuhuma, dokar tarayya ta 2015 ta bi sahu, a 2017 kuma aka yi dokar haramta azabtarwa. Abin da shaidu suka faɗa a gaban kwamitin Legas mai binciken rundunar 'yan sanda ta SARS a 2020 ya nuna tazarar da ke tsakanin takarda da ofishin 'yan sanda.

Ga Bahaushen Legas akwai ƙarin rami, shi ne harshe. Ɗan acaba ko mai gadi ko ɗan dako da aka kwaso a samame, ya yi bayani da Hausa, wani ya fassara, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala. "Ina wurin" da "da ni aka yi" ba su da nisa a bakin tafintan da Hausarsa ta kasuwa ce. Doka ta san da wannan. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta a kotu, kotuna kuma sun daɗe da tsayar da cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya zama hujja sai tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba ji-ta-ji-ta ne. Amma sai lauya ya tashi ya yi suka a lokacin da ake miƙa takardar. In ya yi shiru ta shige, da wuya a fitar da ita daga baya. Haka wa'adin ɗaukaka ƙara: kwana 90 zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli. Dangin da ke Sakkwato ko Katsina sau da yawa ba sa jin labari sai wa'adi ya wuce, sai an koma neman ƙarin lokaci, ga kuɗin haɗa kundin shari'a. Legas tana da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali kyauta tun shekarar 2000, akwai kuma hukumar agajin shari'a ta tarayya, sai dai shari'un sun fi ƙarfin ma'aikatan. Shugabannin al'umma da ke kai gudunmawa bayan an yanke hukunci, da sun kai ta a makon farko na kamu, da ta fi amfani ninkin-ba-ninkin.

Wannan ne ya sa kwamitin nazari da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ba da shawara a 2004 a dakatar da zartarwa har sai an gyara tsarin shari'a. Kuskure ba namu kaɗai ba ne. Amurka, da duk kuɗinta da lauyoyinta, ta wanke kimanin mutum 200 daga layin kisa tun 1973. Japan ta wanke Iwao Hakamada a 2024, mutumin da aka yanke wa kisa a 1968, bayan kotu ta gano an ƙirƙiri hujjoji. Nan gida a Yunin 2013, ranar da aka rataye mutum huɗu a Benin, an kai na biyar har gindin igiya kafin jami'ai su lura cewa hukuncinsa na harbi ne. Aka mai da shi ɗaki. Kotun soja ce ta yanke masa tun zamanin da babu ɗaukaka ƙara, kuma a 2014 aka sake shi.

Babbar hujjar masu goyon baya ita ce tsoratarwa, kuma Legas ta gwada ta fiye da kowane gari a ƙasar nan. Bayan yaƙin basasa aka yi dokar fashi ta 1970, aka fara ɗaure 'yan fashi a jikin durom a Bar Beach ana harbewa a gaban dubban 'yan kallo. Shahararren ɗan fashi Ishola Oyenusi a Satumbar 1971 aka harbe shi. A Afrilun 1985 aka harbe matasa uku a gidan yarin Kirikiri a kan hodar iblis, da dokar soja da aka mai da ita baya ta hau laifin da aka yi kafin a kafa ta. A Yulin 1995 an harbe mutum 43 a Kirikiri rana ɗaya. Amnesty ta ƙiyasta sama da mutum 2,600 aka kashe a ƙarƙashin gwamnatocin soja tsakanin 1970 da 1999. Fashi bai ƙare ba, a tsakiyar wannan zamani ne ma ɗan fashi Lawrence Anini ya addabi Benin, safarar ƙwaya kuma ta bunƙasa. Wannan bai tabbatar da cewa kisa ba ya tsorata kowa ba, domin shekarun nan sun zo da bindigogin da yaƙi ya bari da karyewar tattalin arziki. Majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta duba nazarce-nazarcen shekaru da dama a 2012, ta ce ba su isa a ce yana rage kisa ko ba ya ragewa ba. Masu nuna Singafo da zaman lafiyarta sai su dubi Hong Kong, wadda ta soke hukuncin a 1993, kisan kai a cikinta kuma bai fi na Singafo wani abin a zo a gani ba. Abin da masana laifuka suka fi yarda da shi shi ne, tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi. Mai garkuwa da ke waya da dangin wanda ya sace har wata guda ba tare da an gano inda yake ba, ba igiya yake tunani ba.

Ga mai karatu Musulmi, zancen sokewa gaba ɗaya yana karo da nassi, domin kisasi yana cikin Alƙur'ani, kuma duk ɗan majalisar da ya kawo wannan ƙudiri daga Arewa ya san makomarsa. Amma a lura da yadda fiƙihu ya gina abin. A kisan kai, haƙƙin na magada ne: su nemi kisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. A haddi kuwa ƙa'ida ita ce a kau da shi idan akwai shubuha, kuma jumhurun malamai ba su karɓi iƙirarin wanda aka tilasta ba. A Saudiyya da Iran ana sauko da mutane daga bakin kisa saboda magada sun yafe. Dokar Legas, wadda ta samo asali daga Ingila, ba ta san wannan ƙofa ba. Ko iyalan mamaci sun zo kotu sun ce sun yafe, alƙali kisa zai yanke. Ta wannan fuska dokar da muke ƙarƙashinta a Ikko ta fi shari'ar Musulunci tsauri, ta kuma fi ta sauƙin karɓar hujja mai rauni. Ko a jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a, kisa ɗaya aka sani an zartar, na Sani Yakubu Rodi a Janairun 2002, hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Husaini da Amina Lawal kuwa kotunan shari'a na sama ne suka rushe shi.

Akwai gaskiya a wajen masu cewa idan hukuma ta ƙi hukunta mai laifi, jama'a za su ɗauki doka a hannu. Taya da fetur ba baƙon abu ba ne a titunan Legas, kuma mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar komawa Kano sun nuna wanda irin wannan hukunci ke faɗa wa. Sai dai gungun da ke ƙona mutum ba fushin gwamna ya ƙi sa hannu suke yi ba. Ba su yarda cewa in an miƙa shi ga 'yan sanda zai kai gaban alƙali ba ne.

Sauran ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Saliyo ta soke a 2021, Ghana ta cire shi daga manyan laifuka na yau da kullum a 2023, Zimbabuwe ta bi a ƙarshen 2024. Nijar tana da shi a doka amma rabonta da zartarwa tun 1976. Kwango ta Kinshasa ta juya baya, ta ɗage dakatarwarta a Maris ɗin 2024. Wadda ta fi kama da halinmu ita ce Kenya. Ba ta soke ba, ba ta kuma rataye kowa ba tun 1987. A 2009 shugabanta ya mai da hukuncin sama da mutum 4,000 ɗaurin rai da rai, a 2017 kuma kotun ƙolinta ta ce tilasta wa alƙali yanke kisa a shari'ar kisan kai ya saɓa wa tsarin mulki. Malesiya, ƙasa mai rinjayen Musulmi, ta cire tilascin a 2023 ta bar hukuncin a hannun alƙali.

Wannan mataki shi ya fi dacewa da mu, kuma bai buƙaci a taɓa sashe na 33 ba. Kisan kai laifin jiha ne, Majalisar Dokokin Legas da ke Alausa tana iya gyara dokarta ta ba alƙali zaɓi, ta kuma sa a saurari magadan mamaci kafin yanke hukunci. Dokar fashi ta tarayya sai Majalisar Ƙasa. Ga waɗanda ke ciki tuni, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta riga ta buɗe ƙofa a sashe na 12: wanda ya gama duk matakan ɗaukaka ƙara, ya kuma yi shekara goma ba a zartar ba, Babban Jojin jiha yana iya mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Sharaɗin gama ɗaukaka ƙara shi ne ƙugiyar, domin da yawa daga cikin mazauna ɓangaren masu jiran kisa a Kirikiri ba su taɓa shigar da ƙarar ba, saboda babu lauya babu kuɗin kundi. Kafin su amfana da wannan sashe, sai an fara nemo fayilolinsu daga rajistarar kotun da ta yanke musu hukunci.